Yadda Na Je Amurka Hana Ummi Kanikanci

Tun da na dawo daga Amurka ban ƙara samun sakewa a gareji ba. Mutum zai turo babur ya ce kafireta ce ke damunsa, kafin in kwance noti biyu ya gyara zama a kan benci ya ce in ba shi labarin Turai. Na gaji da cewa Amurka daban Turai daban, na kuma lura labarin ya fara ƙaruwa a bakin mutane, har wani ya tare ni a masallaci yana taya ni murnar na koya wa Turawa ƙera inji. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya faru yadda ya faru, wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in ci gaba da aikina.

Sunana Sani, shekarata ashirin da shida ina gyaran babur a Kano. Yayana Auwalu, wanda nake bi, likitan ƙoda ne, ya haura shekara ashirin a can, yana zaune a wani gari da ake kira Beltsville kusa da Washington. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa cewa in zo ba, ni ma ban taɓa roƙa ba. Kwatsam sai ya bugo waya ya ce ya aiko da takardar gayyata, in zo in yi sati biyar, akwai maganar da ba ta waya ba ce. Na ce masa ai lokacin sanyi ne, ya ce sanyi ba ya kashe mai riga.

A Abuja, wurin neman biza, an riga an tsorata ni da cewa ba a ba irinmu. Matar da ke bayan gilashi ta tambayi sana'ata, na faɗa. Ta tambaye ni abin da zai dawo da ni gida. Da Turancina na makarantar koyon sana'a na gaya mata akwai babura goma sha ɗaya na mutane a kwance a garejina, kuma duk masu su sun san ƙofar gidana. Ta yi dariya ta karɓi fasfo.

Jirgi ba ni da abin faɗa a kansa sai biyu. Na farko, rana ta ƙi faɗuwa. Mun baro inda muka yi canji da hantsi, na yi barci na farka, na sake yi na farka, tana nan daram, har na rasa azahar da la'asar, sai wani dattijo ɗan Senegal da ke gefena ya nuna mini yadda yake lissafin nasa. Na biyu, an kawo mini wani ɗan farin abu a naɗe na ɗauka alewar madara ce na jefa baki gaba ɗaya, ashe cuku ne mai gishiri.

A bakin shiga ƙasar ne na sha zama. Jami'in ya ce in ɗora yatsuna a kan wani gilashi mai haske. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na goge a riga na sake ɗorawa, ta ƙi. Ya ba ni wani mai na shafa, nan ma shiru. Shekara ashirin da shida na fetur da kalanzir da zafin salansa sun cinye zanen yatsuna. Aka kai ni wani ɗaki na zauna kusan awa guda ina tunanin yadda zan koma Kano in ce yatsuna ne suka hana ni shiga Amurka. Daga baya wani jami'i babba ya zo ya juya tafin hannuna ya duba, ya tambaya ko ni bakanike ne. Ya ce hannun mahaifinsa haka yake. Da ƙyar aka samu yatsu biyu suka fito, aka buga mini hatimi. Kukar da daddawar da na ƙunso wa matar Yaya kuwa, an buɗe, an shinshina, an rufe da sauri an ce in tafi.

Yaya na jira a waje da wata riga mai kauri kamar katifa. Da ƙofar filin jirgin ta buɗe iska ta buge ni, sai na ji haƙorana na ciwo. Ban taɓa sanin sanyi na shiga haƙori ba.

A gida aka sauke ni a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da farko raina ya ɗan sosu, don a wurinmu ba a gangara da baƙo ƙasa. Da na ga ɗakin da bayinsa da kafet da ɗumi, sai na gane nan ne wurin karamci. Anti Binta, matar Yaya, ta yi mini tuwon shinkafa da gari na cikin kwali, ta kaɗa kukar da na kawo. Unguwar shiru kamar an yi rasuwa. Maƙwabcinsu na dama shekara tara suna tare, gaisuwarsu ɗaga hannu ce daga nesa. Karensa yana da riga, ja, mai maɓalli.

'Yarsu ɗaya ce, Ummi, mai sunan mahaifiyarmu, tana shekara ta biyu a jami'a. Rabona da ita tun tana 'yar shekara shida. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, sannu da zuwa, ya hanya?" Daga nan Hausarta ta ƙare. Tana jin duk abin da aka faɗa, amma amsa da Turanci take yi, da sauri kamar ana korar ta. Abin da na fara lura da shi lokacin da ta miƙo mini kofin shayi shi ne farcenta. Akwai siririn baƙin layi a ƙarƙashinsa, irin wanda sabulu ba ya fitarwa. Na dube ta, ta dube ni, ta ɓoye hannun a aljihu.

Ranar Juma'a bayan masallaci Yaya ya ɗauke ni zuwa Wheaton, inda shagunan 'yan Afirka suke, don mu sayo naman rago. A mota ya fasa maganar. Ya ce tun Ummi na ƙarama yake shirya ta ta zama likita, kuma kanta na ja, amma yanzu ta ce injiniyan injuna za ta karanta. Duk Asabar tana wani gareji a Manassas tana wasa da baƙin mai. Nan da 'yan makonni za ta cike takardar zaɓen fannin da za ta tsaya a kai. A dokar ƙasar ba ta buƙatar sa hannunsa, amma ta ce ba za ta cike ba sai ya sa albarka. Sun yi yarjejeniya: akwai wani tsohon inji da ta kwance take haɗawa, idan ta tashe shi kafin ƙanƙara ta narke zai zauna ya saurare ta, idan ta kasa ta bar maganar har abada. Wata uku ke nan injin bai tashi ba. Ya kuma hana a kawo ko noti ɗaya gidansa.

"Kai ka san wahalar aikin nan," in ji shi. "Ka bi ta ka gani, ka gaya mata gaskiya. Daga bakinka za ta fi ji."

Na ce to, don ban saba ce wa Yaya a'a ba.

A shagon naman muka haɗu da Isuhu, mutumin Maraɗi, dogo mai fara'a, direban motar da ke jan motocin da suka lalace. Shi ne ma ya fara kai Ummi garejin, don yakan kai musu matattun babura, kuma Yaya bai gama yafe masa ba. Da ya ji sana'ata ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce shi ma ya yi gyaran moto shekara huɗu kafin ya fito. Muka tsaya gaban firijin kaji muna hirar kayan inji, shi da sunayensu na Maraɗi ni da namu na Kano, yana cewa buji ina cewa fulogi, yana cewa supap ina cewa bawul, har mai shago ya roƙe mu mu matsa.

Washegari Ummi ta ja ni a motarta zuwa Manassas. Tafiyar awa guda ce a kan wani titi da ya zagaye birnin, layi huɗu kowane hannu. Na yi ta baza ido ban ga ɗan acaɓa ko ɗaya ba, ban kuma ji hon ba. Ta ce a nan babur abin shaƙatawa ne na lokacin zafi, da sanyi ya shigo sai a rufe shi da bargo. Na yi tunanin abokan cinikina da babur ɗaya ke kai yara makaranta, ya ɗauko buhun masara, ya kai mai naƙuda asibiti.

Mai garejin wani tsohon Bature ne, Wolta, mai farin gemu da tumbi, kunnensa ɗaya ba ya ji. Wurinsa ya fi ɗakin kwanana tsabta. Kowace sifana na da ƙusarta a bango, har an zana siffarta don a san wadda ta ɓata. Ya ba ni baƙin kofi mai ɗaci ba madara, na riƙe kofin don ɗumin hannu kawai. Shi gwanin manyan babura ne irin masu ruri, masu bugu huɗu, wato waɗanda fistin, tulun ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, sai ya motsa sau huɗu kafin mai ya kama wuta sau ɗaya. Amma a bayan garejin akwai wasu abubuwa biyu da ban taɓa gani ba: gabansu allon sulu biyu maimakon taya, bayansu bel mai faɗi kamar na tankar yaƙi, samansu kuwa kan babur da kujerar babur. Babur ɗin ƙanƙara ke nan. Ɗaya sabo-sabo, na wani maharbi da ya kawo ajiya. Ɗayan tsoho, na ƙanen Wolta da ya rasu a can arewacin ƙasar, shi ne wanda Ummi ke fama da shi.

Da aka ɗaga murfin sabon na leƙa, abin ya ba ni mamaki. Inji mai bugu biyu ne, mai shan fetur haɗe da baƙin mai, irin wanda mu a Kano muka fara yi wa kallon tsohon yayi tun da baburan China da na Indiya masu bawul suka cika gari. Na tambayi Wolta, da Ummi tana gyara mini Turanci, me ya sa ƙasa kamar wannan take hawa inji mai hayaƙi. Ya ce in ɗaga kan injin babban babur ɗin da ke kan tebur. Na ɗaga da ƙyar. Ya ce duk nauyin nan na bawul ne, ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, da sifirin ɗinsu da sandar da ke danna su da sarƙar da ke juya sandar. A kan kwalta nauyi ba matsala ba ne, ga shi injin na tattalin mai, ga daɗewa. A kan dusar ƙanƙara kuwa nauyin gaba shi ke nutsar da kai, kuma idan ka nutse a daji kai kaɗai za ka ciro abinka. Sannan baƙin man da ke kwance a cikin inji mai bugu huɗu, idan sanyi ya yi tsanani, yakan yi kauri kamar zuma. Ya ce duk da haka masu bugu huɗu sun fara shigowa harkar ƙanƙara saboda dokar hayaƙi, kuma masu tafiya mai nisa a shimfiɗaɗɗiyar hanya sun fi son su. Masu hawa tsauni ne suka ƙi.

Isuhu ya iso ana cikin haka da wani babur a bayan motarsa, ya shiga hirar ba tare da an gayyace shi ba, nan da nan ta zama gardama. Sabon injin yana shaƙar mai ta wasu siraran harsuna ne, kamar ganyen reza, waɗanda zuƙar fistin ke buɗewa su koma su rufe da kansu. Wolta ya ce su ne mafi hankali, ba ruwansu da saiti, suna bin abin da injin ke so, ga arha. Isuhu ya ce shi ya fi yarda da injin da ba shi da komai, fistin da kansa ya zama ƙofa, don abin da babu shi ba ya lalacewa. Wolta ya ce irin wannan a ƙaramin gudu ba shi da ƙarfi, sai tofar da mai. Ni kuma na ce harsunan nan na sha ganin sun tsage sun faɗa cikin inji. Muka yi ta yi da harshe uku da hannuwa, Ummi na tsakiya tana fassara tana dariya. Ban taɓa ganin fuskarta haka a gida ba.

Sai ta buɗe nata. Ina ganin gefen injin na ji kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a baƙon gari. Faifai ne. Siririn faifan ƙarfe mai yanka a gefe guda, yana juyawa tare da inji, yankan na zuwa daidai rami mai ya shiga, ya wuce rami ya rufe. A kan irinsa na koyi aiki, a ƙananan baburan Japan ɗin nan da malaman firamare da ma'aikatan gona ke hawa lokacin muna samari. Amfaninsa shi ne maƙeri ke zaɓar lokacin buɗewa daban, lokacin rufewa daban, abin da fistin shi kaɗai ba ya iyawa. Aibinsa kuma, ba ya yafe kuskure. Wolta ya ce shi bai taɓa aiki a kan irinsa ba, ya ma ba ta shawara ta jefar.

Ta ja igiyar tayarwa. Injin ya kama, ya yi tari, ya feso mai ta bakin kafireta, ya mutu. Ta sake ja, ya sake yi. Ta lissafa mini abin da ta yi: ta wanke kafireta sau huɗu, ta canza fulogi, ta canza zoben fistin, ta gwada wuta. Tun tarin farko na san ciwon. Faifan na makara wajen rufewa, fistin na dawowa ya tarar da ƙofa a buɗe ya koro man waje. Na ji wannan tarin ya fi sau ɗari.

Ta tambaye ni ko na ga wani abu. Na ce sai na yi tunani. A hanyar dawowa ban iya haɗa ido da ita ba.

Satin nan bai yi mini daɗi ba, duk da an kai ni yawo. Na ga fadar shugaban ƙasa ta bayan shinge, ta fi ƙanƙanta a kan yadda take a talabijin. Anti Binta ta kai ni cin ƙaguwa, aka shimfiɗa takarda a tebur aka ba kowa 'yar guduma, na yi ta duka na rabin awa na tashi da yunwa. Amma duk lokacin da na hau sama na tarar da Ummi a teburin cin abinci da zanen injin a gabanta tana bin layi da fensir, sai in ji kamar na saci wani abu nata.

Ranar Alhamis aka kwana ana zuba dusar ƙanƙara. Da safe ni da Yaya muka fita da shebur muna share hanyar mota, don a can idan ba ka share gabanka ba wani ya zame, laifinka ne. Muna cikin yi na dasa shebur na ce masa na san abin da ke damun injin, aikin minti arba'in ne, kuma na yi shiru saboda shi, amma ba zan iya ƙara wata Asabar ina kallonta ba. Ya ce ai ba don in gyara ya kawo ni ba.

Na ce, "Yaya, don me ka kawo ni? Don ta ga hannuna ta tsorata?"

Ya ci gaba da tura ƙanƙara har ƙarshen hanya ya dawo. Sannan ya ce tun ranar da aka tura shi jami'a ni kuma na tafi gareji abin ke cin sa, yana ganin kamar shi ya cinye rabona, ba ya son 'yarsa ta ƙare inda ya bar ƙanensa. Na yi shekaru ban ji ya yi magana irin wannan ba. Na gaya masa ba wanda ya bar ni a ko'ina. Ni na gudu daga aji na tafi inda nake so, kuma har yau idan mataccen inji ya tashi a hannuna ina jin abin da ban san ko shi yana ji a asibiti ba. Na ce kuma yarinyar nan ba benci irin nawa za ta zauna ba, irin su ne ke zana abin da mu muke kwancewa.

Ya jingine shebur ɗinsa. Ya ce yarjejeniyarsu ita ce ta tashe shi da hannunta, saboda haka kada in taɓa ko sifana. Na ce na yarda, baki kawai zan sa.

Ranar Asabar na zauna a kan wata kujera da hannuwana a aljihu. Ban gaya mata amsar ba. Na ba ta labarin wani hedimasta da ya taɓa kawo mini babur mai irin wannan tarin bayan wani ya kwance masa inji, na tambaye ta ta ina man ke fitowa, kuma wace ƙofa ce ya kamata a ce ta rufe a lokacin. Ta ɗauko sifana ta cire murfin faifan. Ta ce ta saita shi daidai da alamar da ke jikin ƙarfen. Na ce ta haska da tocila. Alamar da ta bi ba alama ba ce, ƙarzanen wani tsohon sukudireba ne, ta ainihin kuwa tsatsa ta cinye ta. Ta cire fulogi ta nemo daidai inda fistin ke kaiwa ƙololuwa, abin da ni a Kano da tsinken waya nake yi, ita kuwa ta yi da wani agogon awo na Wolta. Ta yanka kwali ta zana ma'aunin kusurwa a kai, ta buɗe littafin injin, ta ƙirga. Haƙori biyu faifan ya goce a kan sandar da ke juya shi. Ta zare shi ta mayar.

A ja na biyu ya tashi. Ƙara mai kaifi, ba tari, shuɗin hayaƙi ya cika garejin har Wolta ya ruga ya buɗe ƙofa. Ya tsaya a bakin ƙofar ya juya mana baya, ya daɗe bai juyo ba, don rabon da ya ji wannan ƙarar tun ƙanensa na da rai. Ummi ta kashe injin ta zo ta durƙusa a gabana da hannuwanta baƙi ƙirin.

"Baffa, na gode. Allah ya saka da alheri," ta ce, da Hausa tsaf, har da karin harshen kakarta.

A yankinsu ƙanƙara ba ta isa hawa ba, sai an tafi tsaunukan yammacin Maryland, tafiyar awa uku. Asabar ta gaba Isuhu ya ɗora baburan biyu a motarsa, don maharbin ya ce a motsa masa nasa. Yaya ya ce shi ba za shi ba, da safe kuma muka tarar da shi a mota ya riga mu shiga, ya ce dole a samu likita a wurin.

A can ne na yi abin kunyar da Isuhu ya yaɗa har Maraɗi. Aka ɗora ni a kan sabon, Wolta ya nuna mini totur, wanda da babban yatsa ake dannawa, ba murɗawa ba. Na ga wani maɓalli na ɗauka hon ne na danna. Injin ya yi kamar zai mutu, ya sake kamawa. Na danna totur da ƙarfina na nufi gaba, abin ya kwashe ni baya, ya jefa ni cikin tarin ƙanƙara har wuya, ƙafafuna a sama. Da aka ciro ni Wolta ya yi bayani yana share hawayen dariya. Babu giyar baya a cikinsa. Maɓallin na sa injin ya tsaya ya koma juyawa ta ɗaya hannun. Siraran harsunan nan da na raina ba ruwansu da ta ina inji ke juyawa, zuƙa kawai suke bi. Faifaina kuwa, da na yi sati biyu ina yabo, idan aka juya shi baya lokacinsa ya rikice. Ya ce wannan na cikin dalilan da suka sa maƙera suka bar shi. Na amsa a gaban kowa cewa a nan an fi ni gaskiya.

Ummi ta zagaya fili sau uku a kan tsohon, sannan ta tsaya gaban mahaifinta ta nuna masa kujerar baya. Ya ce shi ba yaro ba ne. Ta ci gaba da tsayuwa. Ya karɓi hular kwano ya hau, ya riƙe ta da hannu biyu kamar wanda za a sace. Suka shiga cikin itatuwa muka daina ganinsu, sai ƙarar. Sun yi kusan minti ashirin, kuma akwai wurin da ƙarar ta ɗauke na wani lokaci. Ban tambayi abin da suka tattauna ba. Da suka dawo gashin bakinsa ya daskare, ya sauka ya ce abin banza ne, ga hayaƙi. A hanyar gida muka tsaya wani wurin cin abinci muka ci ƙwai da waina mai faɗi da ake zuba wa ruwan zaƙi, Yaya ya yi ta tambayar Wolta yadda karatun injiniya yake da irin aikin da ake samu, kamar mai tambaya don wani.

Bai taɓa cewa ya amince ba, a gabana dai. Abin da na gani shi ne, ana jibi zan taho, na hau sama da safe na tarar ya fitar da motarsa daga garejin gida ya ajiye ta a waje, yana share wurin da tsintsiya. Da la'asar Isuhu ya sauke teburin aiki da akwatin sifanu da wani mataccen injin babur da Wolta ya ba Ummi ta fara a kai. A daren ta cike takardarta, Anti Binta ta gaya mini shi ya miƙa mata biro.

Ranar tafiyata muka fito da sassafe za a kai ni filin jirgi, muka tarar motar da ta kwana a waje ta daskare, gilashin ya yi fari fat. Yaya ya ɗauko wani ɗan faranti na roba ya hau kankara, numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Na ce ya kawo in taya shi. Ya hana.

"Shiga ka zauna," in ji shi. "Kai ka jawo mini wannan, kuma haka zan yi ta yi kowace safiya har sanyi ya wuce."

Na shiga na zauna. Ta inda ya kankare na hango fuskarsa, murmushi yake yi.